Yadda Sanfa Ta Kai Mita Talatin

Sanfa maƙwabciyata ce, tun ina amarya nake ce mata Yaya. Duk tsibirinmu an san ta da suyar gula, dunƙulen nan da ake cusa wa kyafaffen kifi da kwakwa da barkono, an kuma san ta da gaggawa. Idan ta ce za ta yi abu, to a ranar take so ta ga an yi shi. Gajera ce kakkaura, tana tafiya kamar an aike ta, muryarta kuwa daga kicin ɗinta ana jin ta har bakin kwata. 'Ya'yanta sun girma, biyu suna Male babban birni, ɗaya yana aiki a jirgin dakon kaya. Gida ya rage daga ita sai mijinta Maniku, wanda ya tsufa a kamun kifin tuna kafin gwiwoyinsa su hana shi.

Da baƙi suka fara zuwa tsibirin, ɗan wanta Rilwan ya buɗe shagon koyar da nutso. Ya ɗauki Maniku yana tuƙa masa doni, jirgin ruwan katako irin namu, ya ba goggonsa aikin gula da shayi na masu nutso. Wani lokaci takan bi jirgin da kanta, wai don kada a ba mutane shayi mai sanyi. A nan ta riƙa ganin abin da ya tsaya mata a rai. Mutane su faɗa ruwa da silindar iska a baya, su ɓace, can an jima su fito suna rungumar juna, wasu har da hawaye. Ta tambayi Rilwan me suke gani haka, ya ce madi, ƙaton kifin nan mai fukafukai, a mashigar arewa, inda ruwan teku ke ratsowa tsakanin duwatsu. Ta ce ai ita ma ta san madi, baƙar inuwa mai faɗin tabarma da ke wucewa ƙarƙashin jirgi. Ya ce wannan bayansa ta sani, su kuwa daga ƙasa suke kallonsa.

A lokacin ta haura hamsin, ba ta taɓa tsoma fuskarta a teku ba. Haka yawancin matan tsararmu suke. Mukan shiga ruwa iya ƙugu mu binne ɓawon kwakwa na tufkar igiya, mu fito. Shiuna ce ta canza wannan, abokiyar aikin Rilwan, malamar nutso da ta zo daga tsibiran kudu. Wata rana jirgi yana tsaye, ta ɗaura wa Sanfa gilashin fuska, ta sauko da ita kan tsani, ta riƙe mata hannu ta ce ta leƙa. Maniku ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba. Ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, har sai da aka ce za a tashi.

Da yamma ta shigo gidana, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Hafiza, ashe gari guda ne a ƙarƙashinmu, muna zaune muna kankare kwakwa. Gobe ki shirya, za mu koyi iyo."

Na ce ni me ya haɗa ni da iyo. Ta ce ba a nutso mutum ɗaya, dole sai da abokin tafiya, ita kuwa ba ta ga wadda za ta riƙe wa hannu a ƙasan teku ba sai ni. Kafin in gama neman uzuri ta gwada ni da igiyar awo. Ita ta ɗinka mana dogayen wanduna da riguna da ɗankwali mai roba wanda ruwa ba ya tuɓewa.

Mun sha ruwan gishiri ba kaɗan ba kafin mu iya iyo. Bayan haka Rilwan ya tura mu wajen likita a duba zuciya da kunne, sannan aka shiga karatun matakin farko: yadda ake haɗa mesar iska da silinda, yadda ake fitar da ruwa daga gilashi, yadda ake toshe hanci a hura don kunne ya buɗe, maganar hannu, da babbar dokar da aka yi ta nanata mana, kada ka riƙe numfashi, kada ka taso da sauri. Ni ina yi ina tsoro. Ita tana yi tana tambayar saura me.

Ranar da aka ba mu takardar shaida, kayanmu ko bushewa ba su yi ba ta tare Rilwan a bakin kwata.

"To, gobe sai mashiga ko?"

"Wace mashiga, Goggo?"

"Mashiga nawa gare ku? Inda madi suke."

Ya yi mata bayani cewa takardar da ke hannunta mita goma sha takwas ta ba ta. Dakalin dutsen da ake tsayawa a ga madi ya kusa talatin, ga ruwa mai ja. Sai wanda ya yi mataki na biyu ake kaiwa can. Ta ce ai abin ya zo da sauƙi, a fara mataki na biyun gobe. Ya ce ba gobe ba. Ta ce jibi. Ya ce ta dai bari tukuna.

A nan gardama ta tashi, har masu gyaran koma suka ajiye aikinsu suna saurare. Shiuna ta goyi bayan Sanfa. Ta ce mutane suna jin sunan mataki na biyu su ɗauka na gwanaye ne, alhali nutso biyar ne kawai tare da malami, ɗaya na zurfi, ɗaya na sanin hanya, sauran mutum ya zaɓa. Ta ce sau da yawa gara sabon ɗalibi ya zarce tun abin da ya koya bai huce ba, da ya je ya yi ta nutso ba mai gyara masa, ya kwaso munanan ɗabi'u.

Rilwan ya ce duk ya yarda. "Akwai wanda na ba shi na biyu washegarin na farko, ban yi nadama ba. Ni ban ce sai an yi nutso kaza ba. Amma kin ga Goggo a ƙasa. Hannuwa kamar tana korar ƙuda daga kan kifi. Yanzu tana sama, yanzu tana kan yashi. Iska kuwa tana zuƙar ta kamar an ce za a ƙwace."

"Kai yaro, ni na goya ka fa."

"Shi ya sa nake so ki dawo sama lafiya, Goggo."

Ya ce a mita talatin numfashi ɗaya yana cin iskar numfashi huɗu na sama, silindar da take shanyewa kafin kowa a can za ta ƙare mata tun ba ta ga komai ba. Kuma daga wannan zurfin, idan wani abu ya tsorata mutum ya zabura sama, illar ba ƙarama ba ce. Ta ce to yaushe ke nan. Ya ce ranar da ta iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba hannu ba ƙafa, ta fito da iska daidai da sauran mutane, hankalinta kuma ya bar kanta ya fara ganin abin da ke gefenta.

Maniku yana daga cikin jirgi yana naɗe igiya ya ce shi dama ya faɗa, teku a kansa ake zama, ba a cikinsa ba. Ta ce shi da ko wanka da bokiti yake yi, ya yi mata shiru.

Ta yi fushi, fushi na gaske. Gular da ta kai jirgi a makon, ta ware ta Rilwan daban a ganye ta ce ta musamman ce. Ya gutsura ɗaya, hawaye ya zubo masa, ya sha ruwa har cikinsa ya ɗauka, amma bai janye maganarsa ba.

Fushin bai hana ta ruwa ba. Duk ranar da jirgi yake da gurbi, ko Shiuna take da sarari, muna bakin dutsen murjani na bayan tsibiri, mita goma, mita goma sha biyu. Iskar yamma ta shigo da ruwan sama, wasu ranaku teku ya hana, ta zauna a kujerar igiya a ƙofar gida tana hararar gajimare. A kicin tana suya tana gwada numfashi, ta ja a hankali, ta saki a hankali, har Maniku ya ɗauka ciwo ne ya kama ta ya tafi neman mai kai su asibiti.

Shiuna ce ta gano rabin matsalar. Sanfa tana ɗaura dalma da yawa a ƙugu don tsoron kada ta taso, sai nauyin ya ja ta ƙasa, ta hura iska a rigar nutsonta mai kumbura, ta yi sama, ta sace iskar, ta faɗo. Aka rage mata dalmar. Ranar ta fito tana cewa ji take kamar an sauke mata tulu daga kai. Sauran rabin kuwa ba wanda ya koya mata. Wata rana muka tarar da wani babban kifi ya tsaya ya wage baki, wasu ƙanana masu ratsin shuɗi suna shiga suna fita suna tsince masa ƙazanta. Sanfa ta tsaya kallo. Idan ta motsa hannu su watse, idan ta natsu su dawo. Don son ganin ƙarshen abin sai ta harɗe hannuwanta a ƙirji, ta bar numfashinta yana ɗaga ta kaɗan yana sauke ta kaɗan. Na dube ta, na ga mace a rataye a ruwa ba abin da ya riƙe ta. Ita ba ta ma sani ba sai da na gaya mata a jirgi.

Daga nan nutson kurkusa ya shiga ranta. Ta san kogon da wata kififiya mai karyayyen ɓawo take kwana, ta san inda jajayen kifaye suke taruwa idan ruwa ya fara janyewa. Maganar mashiga ta ragu a bakinta, ko da yake duk lokacin da baƙi suka dawo daga can sai ta tsare su da ido.

Abin da ya kawo ƙarshen jiran ya faru ne a kaina. Muna tafe a gefen dutsen murjani, Rilwan yana bayanmu da wasu baƙi, sai na ji bayana ya yi sakwaf. Ɗamarar silindata ce ta saki, silindar ta zame tana lilo, tana jan mesar daga bakina. Na dubi sama, hasken nan yana kusa, ƙafafuna suka fara harbawa da kansu. Sai ga Sanfa a gabana. Ta kama kafaɗar rigata, ta sa idonta cikin nawa, ta ɗaga tafin hannu ta ce in tsaya. Ta nuna mini numfashi, a hankali, a hankali, sai da ta ga kumfata ta daidaita. Sannan ta zagaya bayana ta tura silindar ta koma wurinta, ta ɗaure ɗamarar tamau, ta duba agogon iskata, ta duba nata, ta tambaye ni da yatsu ko lafiya. A ƙarƙashinmu murjani ne mai rassa, irin wanda taɓawa kaɗan ke karya shi. Ko ƙurar yashi ba ta tayar ba.

A jirgi ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, faɗa ma take yi mini wai ban jiƙa ɗamara ba kafin in ɗaure. Rilwan ya zo ya duba agogon silindarta, ya duba na baƙin, nata ya fi na mutum biyu daga cikinsu saura. Ya zauna ya karɓi shayi.

"Goggo, ranar Asabar kina da aiki?"

"Suya, kamar kullum."

"Ki soya da wuri. Za mu fara da kamfas."

Ta ajiye butar shayi. Ta dube shi, ta dubi Shiuna, Shiuna tana dariya. Sai ta jawo tukunyar gula, ta juye sauran a faranti, ta kifa ta a cinya ta shiga kaɗawa. Ma'aikatan jirgi suka kama waƙa da tafi, baƙi suka tashi suna rawa ba su san dalili ba, doni yana tangaɗi, Maniku yana faɗa a zauna kada a kifar masa da jirgi, amma ƙafarsa tana bin kiɗan.

Kamfas ya ba ta wuya. Ta ce ita da aka haifa a tsibirin nan ba ta buƙatar allura ta nuna mata gabas. Aka ce ta yi tafiya mai kusurwa huɗu ta dawo inda ta tashi. Ta tafi da ƙarfin zuciya, ta juya, ta juya, ta ɓulla wajen igiyar wani jirgi daban. Sai da aka maimaita, ta haƙura ta bi allurar, ta dawo daidai kan dutsen da aka ajiye mata alama. Ta ce to, abin yana da ɗan amfani.

Ranar nutson zurfi ina cikin jirgi tare da Maniku. Ya ce shi ko a jikinsa, amma tun da suka nutse bai ɗauke ido daga kumfar da ke tasowa ba, shayinsa ya huce a hannunsa. Abin da ya faru a ƙasa, daga bakinta da bakin Shiuna na ji shi. An ce mata ta tafi da wani abu ja, ta tafi da barkono. Suna sauka ruwa yana ƙara duhu yana ƙara sanyi, da suka kai ƙasa ta ciro barkonon, ta ga ya koma baƙi. Shiuna ta haska shi da tocila, jan ya dawo. Sanfa ta ce a nan dariya ta kama ta. Dama an gaya mata zurfi yana sa wasu maye-maye, ta ce ita da ko taba ba ta taɓa sha ba, ba abin da zai same ta. Rilwan ya nuna mata yatsu uku, ya ƙara biyu, ya tambaye ta nawa. Ta daɗe tana duban hannunta kamar na aro ne kafin ta ba shi amsa. Wani kifi mai kumburarren goshi ya zo wucewa, ta dafa ƙirji ta rusuna masa. Amma da aka tambaye ta iska, ta duba ta faɗa daidai, da aka ce a tashi ta taso a hankali, mayen ya sake ta tun suna hanya, ta tsaya inda ake tsayawa a huta kafin a fito.

Tana kama tsani ta tofar da mesa ta ce, "Maniku, na gaida wani mai kama da kawunka a ƙasa."

Ya ce ai ya ga alama hankalin ma a can ta baro shi. Ya miƙa hannu ya jawo ta.

Zuwanta mashiga na farko madi bai zo ba. Sun sauka da sauri, sun maƙala ƙugiya a dutse, ruwa yana kaɗa su kamar wanki a igiya, ba abin da ke gabansu sai shuɗi. Na ɗauka za ta fito da ɓacin rai. Ta fito tana ba da labarin yadda ruwa yake kaɗa mata kumatu, da yadda ta saki ƙugiya ruwan ya ɗauke su ya shiga da su kamar tsuntsaye. Ta ce da a ce an kai ta wurin nan tun ranar da ta nema, da tsoro ya kashe ta ko ta kashe Rilwan. Ba ta faɗi wannan a gabansa ba, ni ta gaya wa a hanyar gida.

Sai da iska ta juya gabas suka koma. A ranar ma ina jirgi. Da suka fito, baƙi suna ta surutu, ita ta hau ta zauna da silindar a bayanta, ba ta cire komai ba. Na tsuguna na ce Yaya, lafiya? Ta kama hannuna ta matse.

"Hafiza, cikinsu fari ne. Fari tas. Ɗaya ya zo ta kaina, ya rufe haske, ya tsaya. Na ga idonsa. Kuma kin san abin da ya kawo su? Waɗannan ƙananan kifayen masu ratsin shuɗi. Wanka suke zuwa a yi musu, layi suke bi."

Daga nan bakinta ya buɗe, bai rufe ba har muka iso kwata. Ta ba ma'aikatan jirgi labari, ta ba masu gyaran koma, ta tsayar da mai shagon shinkafa a hanya ta buɗe hannuwa tana gwada masa faɗin fukafukin. A daren ba a yi girki a gidanta ba, romon kifi da shinkafa na kai musu.

Ni har yau ban yi mataki na biyu ba. Mita goma sha takwas ta ishe ni, Rilwan ya ce ba laifi, ranar da na ji ina son abin da ke ƙasa da haka in zo. Sanfa ta yi mini tsiya har ta gaji ta bari. Yanzu 'yan matan tsibirin sun fara shiga ruwa, kuma duk wadda ta gama matakin farko wajenta take zuwa ta tambaya ko ta zarce. Ba ta ba da amsa a tsaye. Sai ta ce a je ruwa tare tukuna. 'Yar limaminmu, wadda take kwance a ruwa kamar a kan katifa, ta ce mata ta je gobe-gobe kada ta ɓata lokaci. Wata kuma, jikar mai gyaran inji, ta ce mata ta zo su yi ta zagaya bayan tsibiri har hannuwanta su gaji da rawa. Yarinyar ta tura baki, Sanfa ta cika mata hannu da gula.

Abin da ta sa a gaba kwanan nan shi ne kyamarar Shiuna. Ta karɓi aro ta ce sai ta ɗauko wa 'ya'yanta na Male hoton abin da take gani. Kifi ba ya jiran ta. Duk hotunan da ta ɗauko wutsiya ce, wutsiyar rawaya, wutsiyar shuɗi, wutsiyar kififiya tana shigewa kogo. Ta zaɓi wadda ta fi fitowa, ta sa aka wanke mata ita babba, ta rataye a kicin sama da murhu. Duk wanda ya shigo sayen gula sai ta nuna masa, ta faɗa masa yadda sauran kifin yake.